Fashin Baƙi: Me Ya Sa Ake Yi wa Jirgin Sama Feshi Kafin Ya Tashi a Lokacin Hunturu?

Duk shekara, da zarar sanyi ya kankama a Turai, Rasha, Kanada da arewacin Amurka, sai bidiyoyi su fara yawo: jirgin fasinja tsaye, motoci masu dogon wuya sun kewaye shi suna sheƙa masa wani ruwa mai tururi, wani mai launin ruwan lemo, wani kore shar. A ƙarƙashin bidiyon za ka ga ana ta muhawara. Wani ya ce wanka ake yi masa, wani ya ce maganin ƙwayoyin cuta ne. Masu ɗan sani kuwa tambayar da suke yi tana da ma'ana: jirgin da ke keta sararin da sanyinsa ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri, yaya ɗan dusar ƙanƙarar da ta zuba masa a ƙasa za ta hana shi tashi? Ɗalibanmu da 'yan kasuwa masu bi ta Istanbul, Frankfurt, Mosko ko Toronto tsakanin Nuwamba da Maris su ne suka fi jin abin a jikinsu, domin sau da yawa wannan feshin ne ke cinye mintunan da suka ware don kama jirgi na gaba.

Ba nauyin ƙanƙarar ne babbar matsala ba

Fiffiken jirgi yana ɗaga jirgi ne saboda yadda iska ke bin bayansa salin-alin, tana manne da shi tun daga gaba har baya. An ƙera siffarsa da lissafi, kuma duk saurin da matuƙi zai ɗaga hancin jirgi a kai an lissafa shi ne bisa fiffike mai santsi. Idan saman ya yi kaushi, iskar takan rabu da shi tun kafin lokaci, ƙarfin ɗagawa ya ragu, turjiyar iska ta ƙaru. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe tana koyar da matuƙa cewa daskararriyar raɓa mai kaushin samfefa kawai na iya rage ƙarfin ɗagawa da kusan kashi 30 cikin 100, ta ƙara turjiya da kusan kashi 40.

Lokacin tashi ne wannan ya fi muni. Jirgi cike yake da mai da kaya, gudunsa bai yi yawa ba, hancinsa a sama, kuma ƙasa na kusa. Na'urar da ke gargaɗin matuƙi cewa fiffike ya kusa sakin iska an saita ta ne a kan fiffike mai tsabta, don haka wanda ya yi kaushi zai iya sakin iskar kafin ta ce uffan. In kuma fiffike ɗaya ya fi ɗayan datti, jirgin ya karkace gefe guda, babu tazarar da za a gyara.

Can sama kuwa labarin daban ne. Inda manyan jirage ke tafiya iskar busasshiya ce, babu ruwan da zai daskare a jiki. Ƙanƙarar da ake gamuwa da ita a cikin gajimare wajen hawa ko sauka, jirgin na da kayan yaƙi da ita: iska mai zafi da ake zuƙowa daga injin tana ɗumama gaban fiffike da bakin injin, wasu jiragen lantarki suke amfani da shi, masu farfela kuma suna da roba a gaban fiffike da ke kumbura ta fasa ƙanƙarar. Amma duk waɗannan gaban fiffike kaɗai suke karewa, inda ƙanƙara ke taruwa idan ana tafiya. Dusar da ta kwanta a kan faɗin fiffike da jela jirgi yana tsaye, babu abin da ke cikin jirgin da zai cire ta. Wannan ne tushen dokar da kusan duk duniya ke bi: ba a tashi muddin akwai raɓa daskararriya, ƙanƙara ko dusa manne a fiffike, jela, sassan sarrafa jirgi, farfela ko bakin injin.

Ƙanƙarar da ba daga sama take zuwa ba

Akwai abin da ke ɗaure wa fasinja kai: gari garau, ba a yi dusa ba, ma'auni ma yana sama da sifiri, amma ga motar feshi ta iso. Dalili shi ne tankunan mai a cikin fukafukai suke. Jirgin da ya yi sa'o'i a sama yakan sauko da ragowar mai mai tsananin sanyi, man kuma ya riƙe fatar fiffiken a ƙasa da sifiri. In iskar wurin na da laima, ko ana yayyafi, ruwan da ya taɓa wurin sai ya daskare, ko da zafin gari ya kai digiri 10 ko fiye. Mafi haɗari ita ce ƙanƙara garai-garai mai kama da gilashi, wadda ido ke ɗauka jiƙa ce kawai. Shi ya sa a wasu nau'ikan jirage dole ma'aikaci ya hau ya shafa fiffiken da hannunsa.

An yi wa wannan ɗan sassauci. Kamfanonin ƙera jirage da dama sun yarda a tashi da siririyar raɓa da ba ta wuce milimita 3 ba a ƙarƙashin fiffike, daidai wurin tanki. A saman fiffike ne ake tsanantawa.

Abin da ke cikin motar

Ruwan feshin haɗin ruwa ne da sinadarin gilaikol, wanda ke sauko da matakin daskarewar ruwa ƙasa sosai. Kala biyu ake amfani da su, furofilin gilaikol da etilin gilaikol. Na biyun ya fi jure tsananin sanyi amma guba ne ga mutum da dabba. Ana ƙara masa abin hana tsatsa, abin da ke sa shi bazuwa a jiki, da launi don mai feshi ya ga inda ya rufe da inda ya tsallake. Ƙa'idojin ƙungiyar injiniyoyi ta SAE sun raba shi gida huɗu.

Nau'i na 1 shi ne mai ruwan lemo. Tsinkakke ne, ana dafa shi, kuma zafinsa a bakin tiyo bai kamata ya gaza digiri 60 ba. Yakan kai wajen 80 a tanki. Aikinsa cire abin da ya riga ya manne, kuma zafin da ƙarfin feshin su ne ke yin mafi yawan aikin. Ana haɗa shi gwargwadon sanyin ranar, ta yadda matakin daskarewarsa zai kasance aƙalla digiri 10 ƙasa da sanyin waje. Da yake tsinkakke ne, nan da nan yake tsiyayewa, kariyarsa ba ta daɗewa.

Nau'i na 4 shi ne koren, kuma a nan hikimar take. An sa masa sinadarin da ke ba shi kauri da yauƙi kamar miyar karkashi, sai ya kwanta a kan fiffike ya ƙi zuba. Duk dusar da ta faɗo, shi zai shanye ta ya narkar. Amma kaurin nasa na da wani hali: da zarar iska ta fara bugunsa da ƙarfi, sai ya tsinke ya zame. Kafin jirgi ya kai saurin ɗaga hanci, yawancinsa ya kwashe ya tafi da duk abin da ya shanye, ya bar fiffike fes. Ba a dafa shi, da sanyinsa ake shimfiɗa shi a hankali. Yana buƙatar jirgin da ke ɗaga hanci a gudun da ya haura kilomita 185 a awa. Nau'i na 2 ɗan'uwansa ne da ya girme shi, kariyarsa ba ta kai ta na 4 ba, ana yawan ganinsa a Turai. Nau'i na 3 an yi shi ne don ƙananan jirage masu tashi da ƙaramin gudu, waɗanda iska ba za ta iya share musu mai kauri ba.

Yadda ake aikin

Kyaftin ne ke da maganar ƙarshe a kan ko za a yi feshi, bayan shi ko mataimakinsa ko ma'aikacin ƙasa ya zagaya jirgin. Wasu filayen a bakin ƙofa ake yi. Manya kamar Pearson na Toronto suna da keɓaɓɓen dandali kusa da titin tashi, inda jirage ke shiga layi-layi injinansu na aiki.

Kafin a fara, matuƙa suna rufe hanyar da iska ke bi daga injin zuwa cikin jirgi, don kada hayaƙin sinadarin ya shiga wa fasinjoji. Shi ya sa za ka ji hucin iskar saman kanka ya ɗauke na ɗan lokaci, wani sa'in kuma ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi bayan an buɗe. In dusar ta yi tudu, akan fara kore ta da iska mai ƙarfi ko tsintsiya mai laushi don a rage ɓarnar ruwa. Sannan a bi da mai zafi, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙarshen fiffike zuwa gindinsa, jela ma daga ƙololuwa.

Akwai wuraren da ba a saita musu tiyo: bakin injin, bakin ƙaramin injin da ke jela, ƙananan bututu da ramukan da ke auna gudu da tsayi, tagogi kai tsaye (zafi kwatsam na iya tsaga su), da birki mai zafi. Ƙanƙarar da ta kama farfelar cikin injin da iska mai ɗumi ake narkar da ita. Wata ƙa'idar da ba a wasa da ita: abin da aka yi wa fiffiken dama shi za a yi wa na hagu, ko da ɗaya ne kaɗai rana ba ta taɓa ba.

In babu abin da ke zubowa daga sama, mataki ɗaya ya isa. In ana dusa, sai a bi da kore, kuma a fara shi cikin kimanin minti 3, kafin na farko ya huce ya daskare. Daga nan a duba jirgin, sannan shugaban masu feshi ya karanta wa kyaftin bayani ta rediyo: nau'in ruwan da aka sa na ƙarshe, yawan haɗinsa da ruwa, ƙarfe nawa aka fara sa shi, da tabbacin an duba. Wannan ƙarfe nawan shi ne abin da matuƙa ke rubutawa da sauri.

Agogo

Feshi mintuna yake saye, kuma ƙidayayyu ne. Kowane ƙwayar dusa da ta narke a cikin ruwan tana ƙara tsinka shi, har ya kai inda ba zai iya hana daskarewa ba. Kowace shekara FAA da ma'aikatar sufuri ta Kanada suna fitar da jadawalin tsawon wannan kariya, bisa nau'in ruwa, sanyin waje da irin abin da ke zubowa. Bambancin na da girma. Nau'i na 1 yana riƙe raɓa mai daskarewa har kimanin minti 45, amma a cikin dusa 'yan mintuna ne, wani lokacin ko goma ba ya kaiwa. Nau'i na 4 da ba a sirka ba zai iya riƙe raɓa sa'o'i da dama, a dusa matsakaiciya kuma daga wajen rabin awa zuwa awa ɗaya da wani abu, gwargwadon kamfanin da ya yi shi. Akwai yanayin da babu shi a jadawalin sam, kamar ruwan sama mai ƙarfi da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu. Nan sai haƙuri, babu ruwan da aka amince zai riƙe.

Abin lura, agogon yana fara bugawa ne daga lokacin da aka fara feshin ƙarshe, ba lokacin da aka gama ba. Babban jirgi kafin a gama zagaye shi wani kaso na lokacin ya riga ya tafi. Ga layin jirage a gaba, ga motocin share titi da za a jira. Iska mai ƙarfi da hucin injin jirgin da ke gabanka suna ƙara rage shi. In lokacin ya ƙare kafin a samu izinin tashi, ko dai a sake duba fiffiken da kyau, ko a koma a sake feshin daga farko. Ba a ɗora sabon kore a kan wanda ya gaji. Sai an wanke shi da mai zafi tukuna. Mai duba yana neman alamu: ruwan da ke sheƙi ya dushe, ya koma fari-fari, ko dusa ta fara taruwa a kansa ba ta narkewa.

Abin da ya jawo tsananin

Kusan kowane layi na waɗannan ƙa'idoji da rayuka aka rubuta shi. Ranar 13 ga Janairun 1982, jirgin Air Florida ƙirar Boeing 737 ya tashi daga filin National na birnin Washington cikin dusa. An yi masa feshi, amma ya shafe kusan minti 49 kafin ya hau titi. Matuƙan sun matsa kusa da jirgin da ke gabansu da fatan hucinsa ya narkar musu da dusar, ba su kuma kunna ɗumamar injin ba. Ƙanƙara ta toshe ma'aunin ƙarfin injin, ya nuna musu cikakken ƙarfi alhali bai kai ba. Jirgin ya daki gadar titi na 14 ya faɗa kogin Potomac. Mutum 74 daga cikin 79 da ke ciki suka mutu, da wasu 4 a kan gada.

Haɗarin garin Dryden a Kanada, ranar 10 ga Maris 1989, shi ya fi nuna yadda ƙananan matsaloli ke haɗuwa su ɗaure matuƙi. Ƙaramin injin da ke tayar da manyan injinan jirgin Air Ontario ƙirar Fokker F28 ya lalace, filin kuma ba shi da na'urar tayar da injin daga ƙasa. In an kashe injin duka, jirgin ya kwana a nan. An bar ɗaya na aiki, ƙa'idar kamfanin kuma ta hana feshi injin na kunne. Ga latti, ga fasinjoji masu jiran wasu jirage. Aka tashi da dusa a fiffike, mutum 24 cikin 69 suka rasu. Kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Virgil Moshansky bai tsaya a kan matuƙi ba, ya bi laifin har cikin tsarin kamfani da na hukuma.

Shekara uku bayan haka, 22 ga Maris 1992, wani F28 na USAir ya faɗi a filin LaGuardia na New York, mutum 27 suka mutu. An yi masa feshi da Nau'i na 1, ya yi kusan minti 35 a layi. Bayan wannan ne Amurka ta wajabta wa kamfanoni rubutaccen tsarin feshi mai jadawalin lokaci.

Na kamfanin SAS na ƙasashen Scandinavia kuwa, ranar 27 ga Disamba 1991, misalin ƙanƙarar tanki ce. Jirgin MD-81 ya kwana a filin Arlanda na Stockholm da mai mai sanyi a fukafukansa. An yi feshi da safe, amma ƙanƙara garai-garai ta rage a gindin fiffike. Da fiffiken ya lanƙwasa wajen tashi sai ta ɓalle, ta shige injinan da ke bayan jirgin, duka biyun suka mutu. Aka saukar da shi a wani fili a Gottröra, ya karye gida uku, amma duk mutum 129 suka rayu. Ko a 2012 ma an sake gani: jirgin UTair ƙirar ATR 72 ya tashi daga Tyumen a Rasha ba tare da feshi ba, mutum 33 cikin 43 suka mutu.

Inda ake jayayya

Ta fuskar kamfanoni, abin kuɗi ne. Cire raɓa daga matsakaicin jirgi na iya cin lita ɗaruruwa. Babban jirgin da dusa ta lulluɓe yakan ci dubbai. Ga kuɗin motoci, ga ma'aikatan da ake horarwa duk shekara don aikin 'yan watanni, a cikin sanyi da duhu. Filin da dusa ba ta cika zuwa masa ba yakan yi jinkirin tara kaya, ranar da ta zo kuma a rasa yadda za a yi. A Disamban 2010 filin Charles de Gaulle na Paris ya yi ƙarancin gilaikol ana dab da Kirsimeti, aka soke jirage, dubban mutane suka kwana a filin.

Masu kare muhalli nasu kukan a kan inda ruwan ke zuwa ne. Gilaikol yana ruɓewa, amma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna zuƙe iskar shaƙa ta cikin ruwa, kifi su mutu a rafukan da ke kusa da fili. A 2012 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa dokar da ta sa sababbin manyan filaye a yankunan sanyi su tattara kashi 60 cikin 100 na ruwan da ya zuba. Dandalin feshi na musamman yana maganin abu biyu a nan: yana da magudanar da ke tara ruwan a tace a sake amfani da shi, kamar yadda ake yi a Munich da Montreal, kuma yana kusa da titin tashi, don haka mintunan kariya ba sa ƙarewa a hanya. A ganina wannan ita ce mafita mafi ma'ana, sai dai tana bukatar fili da jari da ƙananan filaye ba su da su.

Shi kansa ruwan mai kauri yana da aibinsa. In ana ta sa shi ba a wankewa da mai zafi, ragowarsa kan bushe a lungunan fiffike da jela inda iska ba ta kaiwa. Ranar da ya sha ruwa sai ya kumbura ya zama kamar danƙo, ya daskare a sama ya riƙe sassan sarrafa jirgi. An sha ganin haka a Turai a jiragen da ake sarrafa su da igiyoyin ƙarfe kai tsaye, shi ya sa injiniyoyi ke buɗe wuraren suna wankewa. Famfo ko bakin tiyo da bai dace ba ma na iya tsinka ruwan tun kafin ya taɓa jirgi, don haka ake auna kaurinsa da haɗinsa a kai a kai.

Abin da ya shafi fasinja

Feshin kansa yakan ɗauki minti 5 zuwa 20 ko fiye. Layin jira ne ke cin lokaci. Wanda zai canza jirgi a filin da ake dusa tsakanin Disamba da Fabrairu, tazarar awa ɗaya kasada ce, musamman in tikitin biyu daban-daban aka saya, domin kamfani na biyu ba ruwansa da lattin na farko. A jiragen da ke tashi daga ƙasashen Tarayyar Turai, dokar haƙƙin fasinja ta 2004 ba ta tilasta biyan diyyar kuɗi in mummunan yanayi ne ya jawo latti, amma abinci da abin sha bayan awa 2 zuwa 4 gwargwadon nisan tafiya, da masauki in an kai ga kwana, suna nan a wuyan kamfani.

In jirginku ya bar layi ya koma wurin feshi karo na biyu, agogon ne ya ƙare, matuƙan kuma sun ƙi yin caca. Wanda ke zaune kusa da taga yana ganin saman fiffike fiye da matuƙan da ke can gaba. A Dryden wasu fasinjoji, har da matuƙan da ba sa bakin aiki, sun ga dusar tana taruwa, an ma yi wa ma'aikaciyar jirgi magana, amma saƙon bai isa wurin kyaftin ba. Tun daga nan ake horar da ma'aikatan cikin jirgi su isar da irin wannan rahoton nan take. Don haka in ka ga fari ya kwanta a fiffike, ko koren ruwan ya dushe dusa na taruwa a kansa jirgi na shirin hawa titi, danna ƙararrawar kiran ma'aikata ka nuna musu.